Sana'ar Tsaya wa Mai Rauni, da Tambayar Wanda Zai Ciyar da Mai Yin Ta

Ran nan da la'asar sakaliya ina zaune a rumfar wani mai shayi, a bakin babbar hanyar nan da ta taso daga Yamai, ta ratsa Doso, ta keta garinmu Kore Mairuwa kafin ta miƙe zuwa Dogondutsi da Ƙonni, sai ga wata farar kat-kat mai tambari a jikin ƙofa ta kauce wa amalanken rake, ta sauka gefen kwalta, ta bule mu da ƙura har cikin kofuna, ta wuce ba ko ɗaga hannu. Wani dattijo da ke kusa da ni ya kaɗe rawaninsa, ya bi ta da kallo har ta ɓace, sa'an nan ya ce, "Ga masu kare haƙƙin ɗan Adam can, suna sauri kada su yi lattin cin haƙƙin ɗan Adam." Rumfa ta kwashe da dariya. Ni ma na dara, amma tawa dariyar ba ta kai ciki ba, domin a daren da ya gabata an kira ni gidan ƙanwata sasanta wata magana, wadda ba'ar dattijon nan ta taɓa ta daidai inda take ciwo.

Ɗanta na fari, wanda ya sauke Alƙur'ani tun bai san aski da kansa ba, ya karanta Ahalari da Ishmawi da Risala a zauren malaminsa, kuma Allah ya nufa ya haɗa da lekol har ya kai jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ya karanto shari'a, shi ne ya dawo ya shaida wa mahaifinsa cewa ya ga abin da zai yi da rayuwarsa, wato aikin tsaya wa raunana da raya karkara a ƙarƙashin wata ƙungiya ta addini. Uban ya dube ni ya ce, "Malam, ka ji ɗanka. Da ya ce liman zai zama, da na san abin da zan gaya wa mutane. Da ya ce alƙali, da na yi sadaka don murna. Amma wannan fa, aiki ne ko yawon furoje?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ka yi wa Baba bayani, ni bakina ya yi kaɗan." Ban iya ba su amsa a daren ba, sai na ɗauki alkawarin zan rubuto.

1. Abin da ke cikin zargin na gaskiya

Ruwa ba ya tsami banza. Tun daga yunwar 1973, da ta 1984 wadda mutanen ƙasar nan suka laƙaba wa suna El Buhari, har zuwa ta 2005, ƙungiyoyin agaji ba su daina shigowa ƙasar Arewa ba, kuma bayan Taron Ƙasa na 1991 namu na gida suka tsiro kamar ciyawar farkon damina. A cikinsu akwai waɗanda suka haƙa rijiyoyin da har yau ake sha, akwai kuma waɗanda ba su bar mana komai ba sai allon ƙarfe a bakin hanya, wanda tsatsa ta cinye rubutunsa, awaki suna sosa jiki da ƙafarsa. Ni da kaina na taɓa halartar wani taro na kwana uku a wani masauki mai sanyi, a kan haƙƙin matan karkara, inda babu mace ɗaya daga karkara in ban da wadda ta dafa mana abinci, kuma abin da ya fi tayar da jijiyar wuya a taron duka shi ne lissafin kuɗin zama. Wanda ya ga irin wannan sau biyu, ba a ga laifinsa in ya bi kat-kat da baƙar magana.

Zargi na biyu ya fi wannan nauyi, shi ne cewa maganar haƙƙi riga ce da aka ɗinka a wata ƙasa aka kawo mana a sa mu sawa ko ta yi mana ko ba ta yi ba. Mun ga yadda aka kwashe da dokar iyali a shekarun 1990, da yadda majalisar dokoki ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo a 2006. An rubuta abu da Faransanci, an gama shi sarai, sa'an nan aka tuna da malamai, su kuwa malamai suka ce abin da ba a shawarce su a ƙullinsa ba, ba za su sa hannu a ɗaurinsa ba. Kowane ɓangare ya koma gida yana ganin ya yi nasara, ita kuwa bazawarar da ke ƙauye, wadda dominta aka ce ana gardamar, tana nan inda aka same ta.

2. Aikin ya girmi masu kat-kat

Sai dai ina roƙon surukina, da duk mai ra'ayi irin nasa, ya bambanta tsakanin sana'a da wanda ya ɓata ta, gama ba a taɓa cewa a daina jima ba don wani majemi ya ruɓar da fata. Tun kafin a aiko Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wani baƙon ɗan kasuwa daga Yaman ya kawo haja Makka, wani babba daga cikin Ƙuraishawa ya karɓa ya hana shi kuɗinsa, sai waɗansu gidaje suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'ana suka yi alkawari cewa duk wanda aka zalunta a garin, ɗan gari ne ko baƙo, za su tsaya masa har a mayar masa da haƙƙinsa. Wannan shi ne Hilful Fuduli, wanda Annabi ya halarta yana saurayi, ya kuma yaba da shi bayan an aiko shi. A lura da abu biyu: waɗanda suka ƙulla alkawarin ba Musulmi ba ne a lokacin, wanda aka tsaya wa kuma ba shi da dangi a garin. Daga baya malaman usulu, irin su Gazali da Shaɗibi, Bamaliken Andalus wanda ya rasu a 1388, suka tattara manufofin shari'a suka ce ta zo ne don tsare abubuwa biyar, wato addini da rai da hankali da zuriya da dukiya. Wanda kuwa ya ɗauki bayanin nan na Majalisar Ɗinkin Duniya na 10 ga Disamba 1948 ya aza shi kusa da waɗannan biyar, zai ga inda suka saɓa, amma zai ga inda suka haɗu ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Ba ma sai mun tafi Makka ko Andalus ba. Shehu Usmanu, wanda aka haifa a 1754 a Maratta, cikin ƙasar da yau take Nijar, yana da wani almajiri mai suna Abdussalami, wanda marubuta tarihi suka ce Ba'are ne, wato ɗan uwanmu na jini. Shi ne ya zauna da jama'arsa a Gimbana, mayaƙan Gobir suka auka musu suka kama ƴaƴa suka ɗaure kamar bayi, aka biyo da su ta kusa da Degel, mazaunin Shehu, jama'ar Shehu suka tare hanya suka kwance su, abin da ya kai ga hijira zuwa Gudu a 1804. Ashe ke nan babban al'amarin da ya sauya fuskar ƙasar Hausa, tartsatsinsa ya tashi ne daga tambayar ko ya halatta a bautar da ɗa. Abin da ya fi ba ni tunani kuma, shi wannan Abdussalami ne ya tayar wa Sarkin Musulmi Bello a 1817 yana kukan rashin adalci a sabuwar daular, har ya rasa ransa a 1818. Ba ni ne zan yi hukunci tsakanin waɗannan manya ba; na kawo labarin ne don yaron ƙanwata ya sani tun yanzu cewa mai wannan sana'a ba ya hutawa don ɓangarensa ya hau mulki.

Nana Asma'u ƴar Shehu kuma, wadda ta rasu a 1864, ita ta nuna cewa abin yana da tsari irin na ma'aikata: ta zaɓi mata dattijai da ake kira jaji, ta karantar da su, ta naɗa musu malfa, ta tura su ƙauyuka suna tattaro ƴan taru suna koya musu addini da kula da marayu da marasa lafiya. Horarwa, da alamar aiki, da yankin da kowace take kewayawa. Me ya rage a cikin abin da furoje ke taƙama da shi, in ba mota ba?

3. Itace da takarda

Akwai masu tambaya, me ya haɗa kare haƙƙi da abin da ake kira ci gaba mai ɗorewa, wanda ƙasashen duniya suka ƙayyade masa muradai 17 a 2015? Amsar tana tsaye a gonakinmu, ana kiran ta gawo. A farkon shekarun 1980 wani Bature ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, ma'aikacin mishan na SIM a Maraɗi, ya gaji da dasa itatuwan da rana da awaki suke gamawa da su kafin shekara ta kewayo, sai ya lura cewa ƴan tsirrai da manoma ke sarewa a lokacin sassabe tohon manyan saiwoyi ne da ke raye a ƙarƙashin ƙasa, waɗanda in an zaɓi reshe biyu ko uku aka bari, aka rage sauran, cikin ƴan shekaru za su zama itace. Ya fara a 1983, yunwar 1984 ta sa mutane suka karɓi dabarar a musayar abinci, da yawa suka sare bayan an daina rabon, waɗansu kuwa suka ga amfani suka riƙe. Yau ana ƙiyasta cewa wannan sassaben zamani ya rayar da kimanin hekta miliyan 5 da itace wajen miliyan 200 a kudancin Nijar, kuma a 2018 aka ba shi wata babbar lambar girma a ƙasar Suwidin tare da manomin nan na Burkina Faso, Yakuba Sawadogo.

Mutumin nan imaninsa ne ya kawo shi, bai kuwa ɓoye ba, kuma manoman da suka ɗauki dabarar Musulmi ne, ba su bar sallarsu ba. Amma darasin da nake so a ɗauka ya wuce wannan. Abin da ya daɗe yana hana manomi barin itace a gonarsa shi ne, tun zamanin Faransawa itace na gwamnati ne, in ka taɓa reshen gawon da ke tsakiyar gadon ubanka ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. To, wa zai yi renon abin da zai zame masa sammaci? Sai da manomi ya tabbata itacen nasa ne, shi zai sassaƙa, shi zai sayar, awakinsa za su ci ƴaƴan, sa'an nan daji ya dawo. Haka rijiya, haka burtali, haka fadamar Dallol Mawri inda ake noman rake da mangwaro: duk inda ba a san mai haƙƙi ba, ba a samun mai kula. Wanda ya tuna abin da ya auku a Toda ta ƙasar Maraɗi a 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, akasarinsu mata da yara, ya san cewa shata burtali da tsare shi ibada ce ta tsare rai.

4. Guzurin mai wannan sana'a

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma a wannan aiki ya fi ko'ina haɗari, domin mai yin sa yana tsaye ne tsakanin zaure da ofis, kowanne yana jiran ya yi tuntuɓe. Bari in ba da misalin da na gani da idona. Wata mata a wani ƙauye da ke kusa da mu, mijinta ya rasu ya bar ta da ƴaƴa mata uku da namiji ɗaya ƙarami, ƙannen mijin suka ce gona ba ta rabuwa, mace ba ta gadon ƙasa, har ƴar gamanar da take shuka gujiya da kuɓewa suka haɗa da gandu. Wani saurayi mai takardar lekol ya zo ya karanta musu dokoki da Faransanci, suka saurare shi har ya gama, babban cikinsu ya ce, "Yaro, mun ji, ka gai da mutanen Yamai." Bayan kwana biyu aka samo wani malami tsoho, ya zauna a kan buzu, bai ɗaga murya ba, ya tambaye su ko suna salla, suka ce suna yi, ya zana ƙasa da yatsa, ya fitar wa matar tumuninta, ya raba sauran, namiji rabon mata biyu, ya ce musu dukiyar maraya wuta ce a cikin mai cin ta. Jikinsu ya yi sanyi, suka yarda. Amma da damina ta kewayo, malamin ya yi tafiya, suka koma suka shuka gonar duka, saboda ba a rubuta komai ba.

Saurayin yana da takarda ba shi da bakin da za a ji, malamin yana da baki bai bar takarda ba. Abin da matar nan take bukata shi ne mutum ɗaya da ya haɗa biyun, wanda ya san ilmin fara'ili, ya kuma san cewa tun 1993 Nijar tana da dokar karkara wadda ta tanadi kwamitocin ƙasa tun daga ƙauye har zuwa jiha, inda ake rubuta shaidar mallaka da kyauta da aro da jingina, mai gari da shaidu su sa hannu. Irin wannan mutum ba ya faɗowa daga sama. Sai ya yi shekaru a zaure, ya yi shekaru a jami'a, ko ta Yamai ko ta Musulunci da ke Say tun 1986, ya san wani abu na noma da kiwo irin wanda ake koyarwa a Kollo, ya iya Larabci da Faransanci, ya iya gaisawa da Zabarmanci da Fulatanci, sa'an nan ya koyi abin da ba a karantarwa, wato yadda ake cire takalmi a zauren hakimi a faɗi gaskiya ba tare da an kunyata shi a gaban talakawansa ba.

Shari'ar Hadizatu Mani ta nuna haka a babban mataki. An sayar da ita a ƙasar Ƙonni a 1996, tana da shekara 12, a kan jika 240, ta zama abin da ake kira wahaya, wato mace ta biyar wadda ba aure ba sadaki. Da aka ba ta takardar ƴanci a 2005 ta auri wanda take so, sai aka ɗaure ta da laifin aure kan aure. Ƙungiyar Timidria da lauyoyi suka kai maganar kotun CEDEAO, wadda ta yanke hukunci ran 27 ga Oktoba 2008 cewa gwamnati ta kasa tsare ta, ta kuma sa a biya ta sefa miliyan 10. Doka ta tanadi hukunci a kan bauta tun 2003, amma masu wannan ta'ada da rigar addini suke fakewa, kuma ba mai iya tuɓe musu rigar sai wanda ya san cewa tun 1615 Ahmadu Baba na Tumbuktu ya yi fatawa a kan haramcin bautar da ƴaƴan Musulmi, har ya ambaci Kano da Katsina da Barno.

Akwai kuma jarrabawar da ba a faɗa wa masu shiga aikin. Mu a Arewa muna zaune da Kiristocin Dogondutsi, muna zaune da masu riƙe da al'adun Lugu da Bagaji. Ranar da haƙƙin ɗayansu ya taɓu, kamar yadda aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai a Janairun 2015, ranar ake gane wanda ya fahimci Hilful Fuduli da wanda ya haddace sunansa kawai.

5. Ladan kuturu

Yanzu na iso ga abin da ya fi damuna, wanda kuma a kansa nake ganin surukina yana da rabin gaskiya ko da bai faɗe ta da wannan lafazi ba. Karɓar lada a kan aikin addini ba aibi ba ne a mazhabarmu. Malamin allo yana karɓar kuɗin Laraba, alƙali yana da albashi tun zamanin Sahabbai. Tambayar ita ce daga hannun wa, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In albashin yaron nan daga Turai yake zuwa, to abin da ya dami masu bayarwa a wannan shekara shi zai zama abin da ya dame shi, bana auren wuri, baɗi canjin yanayi, ko da kuwa abin da ke hana mutanen Gecheme da Dumega barci shi ne iyakar gona. In daga ƙasashen Larabawa yake zuwa, to da shi ake haɗo gardamar ƙabalu da sadalu a raba masallaci biyu. In daga gwamnati ne, wa zai tsaya wa wanda jami'in gwamnati ya zalunta? Ga shi kuma tun daga juyin mulkin Yulin 2023 kuɗin waje sun ja baya, Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙofar kotun da Hadizatu ta ƙwanƙwasa ba ta nan kamar da. Abin da ya rage mana shi ne abin da za mu iya tsayarwa da ƙafarmu.

Malamai sun ce irin wannan aiki farilla ce ta kifaya, wadda in wani ya ɗauke ta ta faɗi a kan saura, in kuwa kowa ya bari kowa ya yi laifi. To, da wace fuska jama'a za ta ce wa mutum ya ɗauke mata farilla, sa'an nan ta bar baƙo ya ciyar da shi, ta kuma koma tana yi masa ba'a da sunan yaron baƙi? Ba zan ce a taɓa zakka ba, gama tana da masu ita guda takwas, kuma ba na son buɗe jayayyar da ta fi ƙarfina. Amma ƙofar wakafi a buɗe take tun ranar da Sayyidina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa mutanen Madina, kuma maƙwabtanmu na Sakkwato suna da hukuma sukutum ta zakka da wakafi. Mu nan muna gasar gina masallaci kusa da masallaci, har wani ladanin yana jin numfashin wani, alhali lambun mangwaro ɗaya a fadama, in an tsayar da shi wakafi, zai iya riƙe mutum guda wanda aikinsa shi ne raka bazawara gaban kwamitin ƙasa, da zama tsakanin manomi da Bafulatani kafin a zare takobi. Kada a ce talauci ne ya hana. Matan da suka fara asusun Mata Masu Dubara a ƙasar Maraɗi a 1991 da ƴan daloli suke zubawa a akwati kowane mako, kuma ga shi abin ya tsallaka ƙasashe.

Yaron dai ya tafi, da albarkar mahaifiyarsa da rabin albarkar mahaifinsa. Takardar aikin da aka ba shi ta wata 18 ce, an ba shi babur, ba kat-kat ba, abin da ya ɗan kwantar wa uban da hankali. Da zai hau, uban ya riƙe masa kan babur ya ce, "To, bayan wata goma sha takwas fa?" Yaron ya dube ni, ni kuwa na dubi ƙasa. Ran Juma'a bayan an sallame na tsaya na yi wa liman maganar wakafin, ya saurare ni da kyau, ya shafa gemu, ya ce magana ce mai kyau, amma a bari sai an kai gero gida, lokacin da attajirai ke da sakin fuska. Gero kuwa yanzu ya fara fitar da kai.